Takardar Da Yayarsa Ta Nema

Bari in fara da wadda ta rubuto min jiya ta ce ni matsoraciya ce. Baiwar Allah, ban musa miki ba. Sai dai ki sani, a asibitin da nake aiki, idan aka kawo jariri ɗan kwana uku aka rasa jijiyar da za a ɗebi jininsa, ni ake aikowa a kira. Uwa tana kuka, kaka tana salati, ni kuwa hannuna ko motsi ba ya yi. Mutum ɗaya ce tak ta taɓa tambayata sunan unguwarmu na tsaya ina lalube, ita ce yayar mutumin da yake neman aurena. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai kuma na rage a gaban Umma. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, ina ɗibar jini, ina buga sakamako. Shi kuma shi ne yake zuwa gyara mana injina idan sun tsaya. A wayata "Mai Gyara" na rubuta tun ranar da na karɓi lambarsa saboda injin juya jini da ya ƙi tashi, har yau ban canza ba. Umma kuwa Injiniya take ce masa, da irin muryar da ake kiran ɗan gida. Dogo ne, mai yawan dariya, zai kwance inji gaba ɗaya ya mayar ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba, amma in ya ga allura ta doshi hannun wani sai ya nemi kujera. Wanzami ba ya son jarfa.

Iyayensu sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi. Ta girme shi da shekara sha tara, kuma duk danginsu Yaya Babba suke ce mata. A hukumar shirya jarrabawa take aiki, sashenta shi ne na kama masu satar amsa. Kafin ni ya kai mata 'yan mata biyu. Kowacce zuwa ɗaya ta yi, Yaya Babba ta ce ba ta yarda ba, ba ta kuma ba da dalili ba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Ita ce uwata, ita ce ubana. In ta ce a'a, ƙafata ba ta iya tsallakewa."

To kun ji abin da na ɗauka a kaina na shiga gidanta, sati bakwai da suka wuce.

Sau uku na canza kaya ranar. Na sa doguwar riga ruwan toka, Umma ta ce na yi kama da mai zuwa ta'aziyya. Na sa ja, ta ce wannan rigar kafin in yi sallama ita za ta riga ni. A ƙarshe na tsaya a kan wata ruwan ƙasa mai ƙananan furanni, da mayafi kalar madara, da takalmi marar tsini don kada ya yi ƙara a kan tayil. Turare ma ɗigo biyu na sa.

Falonta babu tarkace. Kujeru huɗu ruwan zuma, teburin gilashi da babu ko shatin yatsa a kansa, agogon bango mai ƙas-ƙas, sai hoton wani yaro siriri cikin kayan makaranta a saman talabijin. Na zauna a ƙasa, ta ce in hau kujera. Na hau na ɗosana a bakinta kamar mai jiran a kira sunanta a layin likita. Ta aiki ƙanen nata ya sayo ruwan roba, alhali ga firji nan yana gurnani a kusurwa. Ya fita yana ɗaga min gira.

Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, ba ta kuma ɗaga murya. Kwarjini ne kawai Allah ya zuba mata. Idan ta yi maka tambaya ka amsa, ba ta cewa komai, sai ta bar amsar a tsakiyar ɗaki tana kallonka ta saman tabarau, har kai da kanka ka fara zargin abin da ka faɗa. Ta tambayi sunan mahaifina, da inda na yi karatu, da unguwarmu, a nan ne na yi laluben da na gaya muku. Sai ta ajiye kofin shayinta.

"Tunda a ɗakin gwaji kike, kin san rukunin jininki. Ba na ƙarin jini nake nufi ba. Na sikila."

"Na sani, Yaya."

"Mene ne?"

Ni AS ce. Na sani tun ina shekarar farko a makarantar koyon aikin, a kanmu muka fara gwadawa. Ga wanda bai sani ba, mai AS lafiyarsa ƙalau, yana dai ɗauke da ƙwayar ciwon ne. In ya auri mai AA babu abin da zai faru. In ya auri AS irinsa, kowane ciki ana fargabar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Wannan bayanin nakan yi shi sau biyar a rana ban yi tuntuɓe ba.

Na buɗe baki, na ga tabarau, na tuna 'yan mata biyu.

"AA," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke numfashi, ta turo farantin biskit gabana, ta ce in ci. Da ya dawo da ruwan ya tarar tana tambayata yadda ake samun jijiyar mai ƙiba, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya sake dubanmu. A mota ya riƙa dukan sitiyari yana cewa, "Likita, me kika ba ta? Biskit fa! Ni da ta raine ni sai na kwanta rashin lafiya nake ganin biskit ɗin nan."

Ban gaya masa ba. Na lallashi kaina da wata hujja mai sauƙi. Tun satin da ya fara zuwa gidanmu na tambaye shi nasa, don mai irin aikina ba ta barin zuciyarta ta yi nisa sai ta ji wannan. Ya ce AA ne, Yaya ta kai shi an gwada tun yana firamare. Bai tambayi nawa ba, ni ma ban ce ba, tunda AA da kowa yana zama. Ke nan ƙaryata ba ta da wanda za ta cuta. Haka na ce wa kaina, na kuma yarda.

A cikin sati bakwai ɗin nan ne na so shi. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Kafin zuwa gidan Yaya Babba hirarsa kawai nake jin daɗi, ƙafata ɗaya tana waje, don na san ana iya koro ni. Bayan biskit sai na shigo da ita. Ya kai ni na ga gidan da ya kama, muka yi musu a kan kalar labule har mai gidan ya shiga tsakani. Na fara gane tafiyarsa a barandar asibiti tun kafin ya leƙo. In inji ya yi kwana goma bai lalace ba sai in ji haushin injin.

Ranar Litinin da rana, ina cikin liƙa lamba a jikin kwalaben jini, saƙo ya shigo daga wata lamba da ban taɓa ajiyewa ba amma na haddace ta.

"Assalamu alaikum. Manyanmu za su zo gidanku ranar Asabar in sha Allah. Kafin nan ki kawo min takardar gwajinki, mai hatimi da sa hannu. Alhamis, ƙarfe huɗu, a ofishina."

Babu "ya aiki", babu ɗan hoton murmushi. Na karanta sau huɗu. Na rubuta "To Yaya, in sha Allah", na ƙara "na gode", na goge, na mayar, na tura. Kwalbar da ke hannuna sai da na sake duba sunan mai ita sau biyu.

Da na koma gida na tarar Umma ta sauke labulayen falo, tana tsaye a kan kujera tana goge saman taga, wurin da babu baƙon da zai taɓa dubawa.

"Umma, sauko mu yi magana."

"Faɗi, ina jinki. Ba da ƙafa nake saurare ba."

Na faɗa mata duka. Ta sauko a hankali, tsumma a hannu, ta tsaya tana kallona.

"Ke yanzu da girmanki, da karatunki, mace 'yar'uwarki ta tambaye ki abu ki yi mata ƙarya? Haɗiye ki za ta yi?"

"Umma, ba ki gan ta ba ne."

"Na zauna da kakarki shekara ashirin, wa za ki nuna min?" Ta zauna a hannun kujera. "Shi Injiniya mene ne nasa?"

"AA."

"To alhamdulillahi." Ta ninke tsumman gida biyu, ta sake ninkewa gida huɗu. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ba ke kike buga takardun nan ba?"

"Umma!"

"Kada ki yi min wani Umma. Ni ban ce ki yi komai ba, tambaya na yi. Yaro lafiyayye, ke lafiyayya, wa aka cuta? In kika je kika ce mata ƙarya kika yi, ba jinin za ta duba ba, ƙaryar za ta duba. Matar da ta kori biyu babu dalili, ke kuma ki kai mata dalili a cikin ambulan? Auta, na gaya wa kawunki, na gaya wa gwaggonki, maƙwabta sun ga labule a igiya. Shekara nawa ina amsa 'yaushe za mu sha biki' da 'lokaci ne'? Bakina ya gaji."

Ban ga laifinta ba. Umma ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi, kuma abin da ta faɗa a fili shi ne abin da nake ta juyawa a cikina tun a motar haya. Ta koma kan kujerarta ta ci gaba da goge tagar da ta riga ta goge.

Ranar Laraba da safe wasu masu shirin aure suka zo gwaji. Saurayin ya noƙe hannu, ya ce shi ba sai an soke shi ba, babarsa ta ce AA ne. Na ɗaure masa dantse da roba, na ce abin da nake cewa kullum: "Malam, a ɗakin nan ba ma aiki da 'an ce'. Miƙo hannu." Budurwar ta yi dariya, ni ma na yi. Ko a jikina ban ji maganar ta shafe ni ba, kuma a duk labarin nan wannan ne ya fi ba ni kunya.

Da layi ya ragu na ɗebi nawa da kaina a hannun hagu, na sa a inji tare da na mutane, ko Allah zai sa shekara takwas sun canza shi. Bai canza ba. Na zauna a gaban kwamfuta na buga takardar, da sunana da shekaruna da AS. Na fitar. Sannan na goge abin da ke layin ƙarshe na rubuta AA, na sake fitarwa. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Oganmu dattijo ne mai ciwon baya. Shekara biyar ina aiki a ƙarƙashinsa bai taɓa kama ni da kuskure ba, don haka ya daina dubawa. Ƙarfe biyu nakan kai masa tarin takardu, ya riƙa ɗaga gefensu yana sa hannu yana buga hatimi, kunnensa yana kan rediyo. Ranar ma haka ya yi. Da ya gama ya miƙo min ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, ke kaɗai ce ba kya sa ni ɗaukar tabarau." Na ce amin. Ta gaskiyar na sa ta a ambulan ruwan ƙasa, ta ƙaryar a fari, na jera su a jaka kamar ba ni na yi ba.

Alhamis da azahar saƙonsa ya shigo.

"Likita, uku da rabi ina bakin asibiti. Kada ki ji tsoro, Yaya ba ta cizo sai ranar Talata."

"Ba na jin tsoro."

"Ni ina ji. Shekara talatin da uku ban daina ba."

Na cire farar rigar aiki, na sa baƙar abaya mai ɗinkin zare a hannu, na gyara ɗaurin ɗankwali a madubin banɗaki har sau uku. A mota yana ta labarin wani janareto da ya ba shi wahala, ni kuma hannuna yana cikin jaka, yatsana yana tafiya daga wannan ambulan zuwa wancan. Da muka isa ya ajiye motar a inuwar wata bishiya ya ce shi a nan zai jira, Yaya ba ta gayyace shi ba.

Ofishinta yana hawa na huɗu, lif ɗin kuma ya lalace. Na hau matakala ina ƙirgawa. Baranda ce doguwa, akwatunan ƙarfe a jere gefe guda, kowanne da kwaɗo biyu. Wani mutum mai furfura ya fito daga ofishin yana goge gumi, ya riƙe min ƙofa, ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda zai shiga ɗakin tiyata.

Tana rubutu. Ba ta ɗago ba ta amsa sallamata ta ce, "Zauna."

A bayan kujerarta akwai kabad mai ƙofar gilashi. Na ɗauka kofunan yabo ne a ciki. Da idona ya zauna sai na ga kayan satar amsa ne da ta kama: ƙananan wayoyi, da rula da aka cika bayanta da rubutu kamar sawun tururuwa, da takalmi ƙafa ɗaya an rubuce cikinsa, da robar ruwa da aka ɓare takardarta aka yi rubutu aka mayar. Kowanne da 'yar takarda a maƙale mai kwanan wata.

Ta rufe biro, ta miƙo hannu, tafin a sama.

Na san wasunku suna jira in ce imani ne ya motsa min, ko na tuna amanar oga. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ta isa haka. Farin ambulan na shigo da niyyar bayarwa. Amma na kalli kabad ɗin nan, na ga farin ambulan ɗina a ciki kusa da takalmin, da kwanan watan yau a jikinsa. Na tabbata matar nan ko sansana takardar ta yi za ta gane. Tsoronta ne ya sa na yi ƙaryar, tsoronta ne kuma ya hana ni miƙa ta. Na zaro ruwan ƙasan na ɗora mata a hannu.

Ta buɗe da wuƙar buɗe wasiƙa, a hankali, ta warware takardar. Na ga idonta ya sauka zuwa layin ƙarshe ya tsaya. Fanka tana juyawa, wani yana jan akwati a baranda. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin fuskarta babu shi ba, ashe idanunta ƙanana ne, kuma a gajiye suke.

"Kin ce min AA."

"Na ce, Yaya."

"Me ya sa?"

"Tsoronki nake ji."

Na jira ta bar amsar a tsakiyar ɗaki kamar yadda ta saba. Sai ta miƙe, ta je ta murza makullin ƙofa, ta dawo ta jawo aljihun tebur na ƙasa. Ta fito da wata takarda da ta yi ruwan ƙwai don tsufa, an sa ta a leda, ta turo min kamar yadda ta taɓa turo biskit.

Takardar gwaji ce, rubutun hannu, irin ta da. Sunansa ne a sama. Shekaru: tara. A ƙasa an rubuta AS, an ja layi biyu.

Ni da nake karanta irin wannan takardar ɗari a sati, sai da na sa yatsa na bi layin. Na ɗago na dube ta.

"Ya ce min AA ne," na ce. "Ya ce ke kika kai shi."

"Ni na kai shi. Ni na ce masa AA ne." Ta zauna. "Kin ga hoton yaro a falona? Ɗana ne, shi kaɗai Allah ya ba ni. Shekara ɗaya ce tsakaninsu da ƙanena, gado ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, mutane suna ce musu tagwaye. Sikila ce da shi. In ciwon ya tashi ba ya yarda kowa ya taɓa masa ƙafa sai ƙanena. Ranar da ya rasu ma ƙafafunsa suna kan cinyarsa." Ta gyara takardun gabanta da ba su karkace ba. "Kwana uku ƙanen nan nawa bai sa komai a bakinsa ba. A na huɗu ya same ni a kicin ya ce, Yaya, ni ma ina da shi? Ni ma zan ba 'ya'yana? Shekararsa sha biyu. Na ce a'a, kai AA ne, ci abincinka. Ya ci."

"Daga baya fa?"

Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa yi mata. Ta kalle ni, wannan karon ba ta saman tabarau ba.

"Na ce in ya girma zan gyara. Ya girma, na kasa. Ga shi Allah ya sa masa tsoron allura, na san ba zai kai kansa ba. Sai na tsaya a bakin ƙofa. Duk wadda ya kawo in tambaye ta. Ta farko AS, ta biyu AS. Na ce ban yarda ba. Ya yi wata uku ba ya cin abincin gidana, dangi suka ce na hana shi aure don in mallake shi. Na gwammace su ce muguwa ce." Ta nuna ni da yatsa. "Ke da kin faɗa min gaskiya ran nan, da na sallame ki kamar su. Ki zage ni wata biyu, ki manta. Shi ma ya yi fushinsa ya huce. Amma kika ce AA. Kina fita na shiga ɗaki na yi sujada. Shekara ashirin da ɗaya ina jiran wannan amsar, yarinya. Takardar ma don in ajiye ta kusa da wannan na nema, in ce na sauke nauyi."

Ban yi kuka ba. Mamaki nake yi yadda komai na ɗakin yake nan a inda yake. Na sa hannu a jaka na zaro farin ambulan na ajiye a gabanta.

"Wannan na kabad ɗinki ne, Yaya."

Ta buɗe, ta mayar da tabarau, ta duba hatimin, ta duba sa hannun, ta ɗaga takardar ta kalli haske ta cikinta. Ta daɗe. Sannan ta ajiye ta a hankali kamar abin da zai fashe.

"Da wannan kika ba ni, da ban gane ba," ta ce. "Da na karɓa. Da ni zan fi kowa rawa a bikinku."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Shi ne.

"Minti arba'in. In tana dukanki ki turo alama in kira 'yan kwana-kwana."

Yaya Babba ta ga hasken wayar, ta san ko wane ne. Ta haɗa takardarsa da tawa ta gaskiya ta turo min su gaba ɗaya.

"Ke aikinki ne. Kullum kina gaya wa mutane irin wannan, kin san yadda ake faɗa. Ki sauka ki gaya masa. Abin da kuka yanke daga nan, ku da Allah, ni na cire hannuna."

Na kalli hannun da ta ce ta cire. Jijiyoyinsa sun fito raɗau, irin waɗanda ko ɗalibi ba zai kuskure ba, kuma karkarwa yake yi a kan gilashin tebur. Na sha ganin irin wannan hannun a kujerar ɗibar jini. Na nemi tsoron nan da na hau hawa huɗu da shi, na rasa inda ya shiga. Abin da na samu a wurinsa haushi ne, nata da nawa, da kuma tausayi da ban so in ji ba.

"A'a, Yaya," na ce. "Tawa ƙaryar ta sati bakwai ce, ni zan faɗe ta. Taki ke za ki faɗa. Tashi mu je."

Na ɗauka za ta ce wa nake yi wa magana haka. Sai ta ɗauki mayafinta daga bayan kujera, ta yafa shi a karkace, ta buɗe ƙofa. A matakala ni ce a gaba, ita a baya tana dafa ƙarfe, tana sauka ɗaya-ɗaya. Ma'aikata biyu da muka ci karo da su suka manne da bango suna gaishe ta, ba ta amsa ba. Saƙon Umma ya shigo a hawa na biyu: "Auta ya ake ciki? Labule ya bushe, na mayar." Na kife wayar.

Yana jingine da mota a inuwar bishiyar. Da ya hango mu tare sai ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ashe ya sayo lemon kwalba uku masu sanyi ya jera a kan bonet ɗin motar, har da tsinken sha. Ya yi sauri ya buɗe wa yayarsa ƙofar baya, ya ɗan rusuna yana dariya.

"Yaya da kanta ta rako ki har ƙasa? Likita, faɗa min gaskiya, na ci jarrabawar ko?"

Na ji yatsunta sun kama tsintsiyar hannuna ta ƙarƙashin mayafi, sanyi ƙalau.

"Rufe ƙofar," na ce masa. "Ba yanzu za mu tafi ba. Akwai magana biyu, ta Yaya ce ta farko."

Dariyar ta tsaya a rabin fuskarsa. Ya kalli takardun da ke hannuna, ya ga tsohuwar ledar, ya juya ga yayarsa yana jira ta yi bayani kamar yadda ta saba yi masa tun yana yaro. Ita kuma ni take kallo.